Dogon Falon Gidan Skelderby

Litinin, 3 ga Disamba, tara da kwata na safe

To, na danna jan madannin kamar yadda aka nuna mini. Ni ce Winnie Garbutt, shekarata saba'in da bakwai, yau Litinin, lambar gidana sha huɗu. A rubuta wannan.

'Yata Maureen ce ta kawo rediyon nan mai kaset. Wai likita ya ce in riƙa faɗin rana da lokaci da abin da na yi, a ga ko kaina na nan daidai. Da na iya rubutu littafi za su ba ni, to ban iya ba. Wata biyar na yi a aji aka cire ni in yi renon ƙannena. Sunana kawai nake iya zanawa.

Ranar bakwai ga watan gobe likitan zai zo, shi da wata mata daga hukuma, su yanke ko in ci gaba da zama a gidana, ko a kai ni gidan tsofaffi. Gidan da na shekara hamsin da ɗaya a ciki. Gidan da mijina Cyril ya cika a ciki, a kan kujerar can ta bakin murhu.

Duk a kan butar shayi guda ɗaya da ta ƙone, wuta ta lashi labule. Labulen ma dama ya tsufa.

Kaset ɗin nan ba zan ba su ba. Nawa ne. In sun zo na ce ya lalace.

Laraba, 5 ga Disamba, bayan abincin rana

Maureen ta zo da mijinta Desmond. Ko rigar sanyi ba ta cire ba ta fara.

"Mama, ranar Asabar za mu fita da ke ki sha iska. An buɗe Gidan Skelderby, an yi masa adon Kirsimeti, bishiya goma sha biyu! Da ni da Desmond da mahaifiyarsa."

Na ce, "Ba inda za ni."

"Haba Mama, ke da ba ki taɓa shiga irin gidajen nan ba."

Na kalli murhu.

Desmond ya sunkuyo har ina jin warin man gashinsa. "Mama. Fita. Tana. Wartsake. Ƙwaƙwalwa." Tun ranar butar nan haka yake mini magana, kalma ɗaya-ɗaya, kamar mai horon kare. Mai tallan kafet ne zai koya mini ƙwaƙwalwa. Yana magana yana auna falona da ido, ya ɗauka ban gani ba.

Na ce, "Desmond, kurmancewa ban yi ba. Ko da na yi, rashin jin muryarka ne zai zama ribar abin."

In na ƙi zuwa za su gaya wa likita na daina son fita, alama ce. Yanzu komai alama ne. In na yi barci alama, in ban yi ba alama. Sai na ce to.

Maureen ta san a kantin yadi na yi aiki a York kafin in yi aure. Haka na faɗa mata tun tana ƙarama, haka Cyril ya bar ta. Shi ke nan.

Juma'a, 7 ga Disamba, huɗu na yamma

Na goge takalmina. Ba don su ba.

Asabar, 8 ga Disamba, shida na yamma

Mun je, mun dawo. Ƙafafuna sun kumbura.

Ta ƙofar gaba muka shiga. Ta ƙofar gaba fa! Wata mata mai jar hula ta yage mana tikiti, mutane sun yi layi har bakin matakala, kowa na goge ƙafa sau uku. Beryl, uwar Desmond, ta sha hular gashi da sarƙar roba, tana taku kamar gidan na kakanta ne. Ubanta kifi yake soyawa a bakin tasha, na san shi, har warinsa na sani. Muna shiga ta rage murya kamar a coci.

"Winnie, dubi rufin nan! Ai mutanen da sun san rayuwa."

Na ce, "Sun san wanda zai hau tsani ya goge musu shi dai."

Adon kuwa? Kowane ɗaki da bishiyarsa, fitilu na ƙifta ido kamar gidan rawa. Koren ganyen da suka naɗa a matakala na roba ne, na taɓa. Murhu babu wuta, jan ƙwan lantarki suka cusa a ƙarƙashin itace, ga mutane na miƙa hannu wai suna jin ɗumi. A ɗakin cin abinci an ajiye dinya gasasshiya, ita ma roba, an shafa mata fenti tana ƙyalli. Wuƙar kifi kuma sun sa ta a inda ba nan ne wurinta ba. Da a da ne, da wata ta kwana da yunwa a kan wuƙar nan. Azurfar ma ba a goge bayan cokulan ba, gaba kawai, inda ido zai gani.

Aka sauka da mu kicin. Sun kafa mutum-mutumin yarinya 'yar aiki a bakin wurin wanke-wanke, kumatu jajaye, tana murmushi, hannu sumul. Yarinyar da ke kankare tukwane da soda da yashi a watan Disamba hannunta ba ya zama haka. Tsagewa yake har jini. Kuma ba ta murmushi, wa za ta yi wa?

Mai zagayawa da baƙi, wata mai tabarau a sarƙa, ta haɗa hannuwa ta ce, "Ranar Kirsimeti masu gida kan tara ma'aikata duka su raba musu kyauta, kowace yarinya da yadinta. Kamar iyali ɗaya suke."

Mutane suka ce, "Ayya!" Har da Maureen ɗina, shugabar makaranta guda, ta karkatar da kai ta ce ayya.

Baƙin yadi ne. Na kayan aiki. Ke za ki ɗinka da hannunki, ki sa ki yi musu bauta a ciki, kuma ki durƙusa ki yi godiya kafin a miƙa miki. Haka na ji ana faɗa.

Sai aka hau da mu dogon falo.

Ba zan yi maganar dogon falo ba.

Sun mai da bargar dawaki wurin shan shayi. Shayin kamar ruwan ɗauraya. Ba wanda ya sha nasa. A mota Beryl ta juyo ta miƙo mini alewa, ta ɓare mini ma, kamar 'yar shekara uku.

Lahadi, 9 ga Disamba, goma na safe

Ban je coci ba. Dinyar roba. Tir.

Talata, 11 ga Disamba, uku da rabi

Maureen ta zo ita kaɗai, idanunta sun yi ja. Ta ajiye wata takarda mai hotuna a kan tebur. Tsofaffi a jere a kan kujeru, kowa da bargo a gwiwa, kowa na dariya. Irin dariyar 'yar robar kicin.

"Akwai lambu, Mama. Akwai nas dare da rana. Ɗakinki daban."

Na ce, "Nan ma ɗakina daban."

"Mama, kin tuna abin da ya faru ranar Asabar?"

"Na tuna sun sa wuƙar kifi ba daidai ba."

Ta rufe fuska da hannu. Can ta fita zaure ta ɗauki waya, ta ɗauka ba na ji. "Ba ta ma san ta yi ba, likita. Ina kiranta ina jan hannunta, kamar itace. Minti biyu, ko fiye. A gaban mutane."

Na sani. Wa ya ce ban sani ba?

Takardar na sa a ƙarƙashin ƙafar tebur, dama yana rawa.

Alhamis, 13 ga Disamba, sha ɗaya na safe

Na sa sakata. Zan faɗa wa rediyo, tunda shi ba ya cewa ayya.

Ban taɓa auna yadi a kanti ba. Ina shekara goma sha uku aka ɗora ni a bayan amalanken madara aka kai ni Skelderby, ta ƙofar baya. Shekara goma sha biyu na yi. Murhu goma sha huɗu nake sharewa in hura kafin su buɗe ido. Kwal a bokiti in hau da shi, fo ɗinsu na dare in sauko da shi.

Masu gida ba sa son ganinmu. Aikin suke so su gani, ban da mai aikin. Saboda haka akwai doka. In kina dogon falo kika ji tafiyarsu, kuma ba za ki kai ƙofa ba, sai ki juya ki fuskanci bango. Hannu a gaba. Ba motsi, ba magana, ko wa ya kira ki, har sai sun wuce. Misis Oddy, shugabar 'yan aiki, da bayan burushi ta koya mana.

Ranar Asabar ina tsaye kusa da taga ta uku. Sai na ji faratan karnuka a kan katako, da takun takalmi a bayansu. Ba takun baƙo ba. Baƙo lallaɓawa yake, wannan takun wanda ƙasan nasa ne. Mai tabarau ta ce, "Kai, kun yi sa'a, ga Uwargida da kanta!"

Ban yi shawara da kaina ba. Kafin in ankara hancina na dab da bango, hannuna a gaba. Maureen na ja na, "Mama? Mama!" Ina jinta sarai. Ban iya juyowa ba, don ba su wuce ba. Ita kuma Uwargidan maimakon ta wuce sai ta tsaya. Ta tsaya fa, tana tambaya ko a kira likita! Tsohuwar Uwargida da ko faɗuwa na yi matacciya tsallake ni za ta yi, a huta. Wannan ta tsaya, ni ma na tsaya, mutum talatin na kallo.

Yarinyar da Maureen ta girme ta. 'Yar mai kamfanin biskit ce aka auro musu. Wando ma ta sa. Ita na yi wa ladabin bango.

Shekara hamsin da biyu in an ambaci gidan nan sai na tofar da yawu. Ashe bakina kaɗai ya bar aikin, ƙafafuna na can.

Kaina bai taɓu ba. Tunawa ya yi fiye da kima.

Asabar, 15 ga Disamba, ban duba agogo ba

Na tarar da faranti a wanke, amma ban tuna na ci ba. Wannan tsakanina da rediyo.

Litinin, 17 ga Disamba, biyar na yamma

Na faɗa mata. Gidana ya fi mini girman kaina, shi ya sa.

Na zaunar da ita na ce, "Maureen, ni 'yar aiki ce a Skelderby. Shekara goma sha biyu. Abin da kika gani na yi, doka ce ta 'yan aiki." Na ba ta labarin murhu da fo da burushin Misis Oddy, ban rage ba.

Ta saurara har ƙarshe. Sai ta kama hannuna, ta yi mini muryar da take yi wa 'yan aji ɗaya.

"Mama, kantin yadi kika yi, a York. Kin sha ba ni labarin mai kantin, mai gashin baki."

"Ƙarya na yi miki."

"Shekara arba'in da takwas?"

"Da wata uku."

"Baba ma?"

"Babanki a lambun gidan na same shi yana tura baro. Na ce in ya faɗa miki zan bar shi."

Ta shafa bayan hannuna. "Likita ya ce haka abin yake farawa. Mutum ya ga abu, sai ya ɗauka a rayuwarsa ya faru. Kin ga yarinyar nan ta kicin, kin ji bayanin da aka yi..."

Da 'yar roba ta haɗa ni. 'Yar da na haifa.

Wa zan kira shaida? Cyril na ƙasa. Ƙannena huɗu na ƙasa. Na gina ƙaryar da kyau, har mai gashin baki na sa mata, yanzu ta fi gaskiyata ƙarfi.

Laraba, 19 ga Disamba, biyu na rana

Desmond ya buga waya Gidan Skelderby. Ya zo tare da Maureen, da takarda a hannu yana ƙoƙarin ɓoye jin daɗi.

"Mama. Sun. Duba."

"Yi magana kamar mutum."

"Suna da sunayen ma'aikatan lokacin. Na ba su sunanki na gida, Winifred Tennick. Babu. Akwai Mary, akwai Ellen, akwai Jane."

Sai dariya ta kama ni, har da hawaye. Suka kalli juna. Alama.

Na ce, "Ni ce Jane. Tsohuwar Uwargida ba ta wahalar da kanta da sababbin sunaye. Mai murhu Jane ce, ko wace ce. Wadda na gada Jane, wadda ta gaje ni Jane."

Ya ce, "To ai Mama, kowa ma sai ya ce shi ne Jane."

Na ce, "Kai ba za ka iya ba, ba ka da ƙarfin ɗaukar bokiti."

Sai na juya wurin Maureen. "Ku mai da ni sau ɗaya, kafin su sauke adon su rufe gidan. In ban nuna muku abin da zai rufe bakin mijinki ba, ku kawo takardar gidan tsofaffin, ni da hannuna zan zana sunana. Ba sai likita ya wahala ba."

Ta ce, "Asabar bayan Kirsimeti."

Juma'a, 21 ga Disamba, tara na safe

In sun yi fenti fa? Mutanen da suka yi wa dinya fenti.

Juma'a, 21 ga Disamba, sha biyu

Matakala ta goma sha biyu ce, ko ta sha huɗu? Ta goma sha biyu. Na tabbata. Murhu ne sha huɗu.

Talata, ranar Kirsimeti, biyar na yamma

A gidan Maureen. Talotalon ya bushe. Beryl ta sa hular takarda a kan hular gashi.

Aka miƙo mini ƙunshi. Rigar barci biyu da silifas. Na juya wuyan rigar, sai ga ɗan farin ƙyalle an ɗinka, da sunana a jiki. Sunana dai ina gane shi. A gidan tsofaffi ake ɗinka suna a wuya, don kar wanki ya cakuɗe.

Beryl ta ce, "Kai, yadi mai laushi! Winnie, ba ki ce komai ba."

Na ce, "An taɓa ba ni yadi ranar Kirsimeti. Wancan karon na durƙusa."

Maureen ta tashi ta shige kicin.

Asabar, 29 ga Disamba, shida da rabi na yamma

Bari in sha ruwa tukuna.

Beryl ba a gayyace ta ba, amma ta biyo mu. Ganyen roba ya yi ƙura, ƙwan lantarki ɗaya ya mutu a murhu, ba wanda ya lura. Ban tsaya kallon komai ba. Na wuce kai tsaye dogon falo, su ukun na bina.

Babbar bishiyar tana can ƙarshe, bayan jar igiyar da ake tare baƙi da ita. Na ɗaga igiyar da sandata na wuce.

Mai tabarau ta taso a guje. "Baiwar Allah, ba a shiga nan! Ba a taɓa bango!"

Na ce, "Ni na goge bangon nan kafin a haifi uwarki. Matsa."

Desmond na ta "Mama, Mama," Beryl na gaya wa mutane ba tare muke ba. Na raba rassan, ƙwallayen ado na faɗuwa. Takardar bangon sabuwa ce, mai tsuntsaye, amma na bi da yatsa har na ji tsagar. Na ce, "Ga ƙofa nan."

Mai tabarau ta ce, "Shekarata tara a nan, babu ƙofa a wurin nan." Ta aika a kira Uwargida.

Sai na ji faratan karnuka.

Ba zan yi wa rediyo ƙarya ba. Ƙafata ta hagu ta fara juyawa. Na ji ta, kamar wani ne ya kama diddigen. Na damƙi hannun Maureen, har ta ce wash. Na kafa sanda a ƙasa. Na bar idona a tsakiyar falon, har matar ta ƙaraso.

Hancinta ja, mura take. Akwai gashin kare a rigarta. Shi ke nan fa. Abin da aka hana ni kallo shekara goma sha biyu ke nan.

Ta ce, "A'a, ke ce ta ran nan! Jiki ya yi sauƙi? Me kike nema?"

Na ce, "Matakalar 'yan aiki. Ana danna ƙasa da gwiwa, don hannu na riƙe da bokiti."

Ta ɗaga gira. "Akwai kuwa. Tun zamanin surukata aka rufe, ba ma gaya wa baƙi. Wa ya faɗa miki?"

"Ki sa a buɗe. A matakala ta goma sha biyu in ana sauka akwai ɗan kanta inda muke hutar da bokiti. A leƙa ƙarƙashinsa."

Aka ja bishiyar gefe. Uwargida da kanta ta sa gwiwa ta danna, ƙofar ta yi ƙara ta buɗe. Sanyi ya fito, da warin nan. Warin bai canza ba. Aka kawo tocila. Desmond ya miƙa hannu, Maureen ta riga shi karɓa. Ta shiga da takalminta mai tsini.

Ina ƙirga takunta. Ɗaya, biyu. A goma sha biyu ta tsaya. Shiru. Shiru har na fara tunanin rigar barcin nan mai suna a wuya.

Sai muryarta ta taso daga ƙasa, ba muryar makaranta ba. "Nellie. Ada. Florrie." Sai ta ƙara, "Winnie."

Da fil ɗin gashi muka kankara. Kowace Jane, kowace Mary, sai ta bar sunanta na gaskiya a wurin, inda masu gida ba sa taka ƙafa. Nellie ce ta riƙe hannuna na yi nawa, a Kirsimetina na biyu. A nan na koyi zana shi.

Maureen ta hau da ƙura a gwiwa, ba ta kalli kowa ba. Desmond ya sami abin kallo a rufi. Beryl ta ce dama ita ta ga alamar Winnie ta san manyan gidaje.

Uwargida kuwa murna kamar ta tsinci zinariya. "Abin ban sha'awa! Dole mu buɗe wurin nan baɗi, mu sa gilashi a kai, baƙi su gani. Za ki zo ki ba mu labari mu ɗauka? Ku zo ciki mu sha shayi. Wane suna ake kiranki a nan?"

Na ce, "Misis Garbutt."

"A'a, ina nufin a lokacin."

"Na ji abin da kike nufi. Shayinku kuma na sha ran nan."

Na fita ta ƙofar gaba. A hankali, don su gani.

Lahadi, 30 ga Disamba, tara na safe

Za su sa gilashi. Za a yi layi a ce wa Nellie ayya. Nellie da tari ya kashe tana da shekara goma sha tara, a ɗakin saman da babu murhu. Ni na nuna musu. Na sayi gidana da ita.

Alhamis, 3 ga Janairu, huɗu na yamma

Maureen ba ta zo ba. Ba ta bugo ba.

Litinin, 7 ga Janairu, biyu da rabi na rana

Maureen ta riga su likita zuwa da awa ɗaya, da kwali a hannu. Ta ajiye, ta zauna a kujerar Cyril da rigar sanyinta.

"Me ya sa, Mama?"

Na ce, "Don kar ki koyi sunkuyar da kai. 'Yar mai fo ko ta zama sarauniya tana jin takun masu gida. Na so ki tashi ba ki san sautin ba."

"Na ce ayya a kicin ɗin nan."

"Kin ce. Na ji."

Ta yi kuka, na bar ta ta yi. Da ta share ido ta ce, "Bangon na gane. Butar fa?"

Na so in ce labulen dama ya tsufa. Bakina ya buɗe ma. Sai na ce, "Butar mantawa na yi. Na ɗora, na fita lambu, ban ƙara tunawa da ita ba sai da na ga hayaƙi. Akwai kuma ranar da ban san ko na ci abinci ba. Yana cikin kaset." Na ciro na farkon daga ƙarƙashin matashi na miƙa mata. "Ke kaɗai. In Desmond ya ji, yankin da na zage shi ne zai fi yawa."

Ta sa a jaka. Ta buɗe kwalin. Butar lantarki ce, wai in ta tafasa ita ke kashe kanta. Buta ma yanzu ta fi surukina wayo.

Likita ya zo da matar hukuma. Ya tambaye ni rana, na faɗa. Ya ce in ƙirga baya-baya, na ƙirga. Ya ce, "Batun tsayuwar nan a bango..."

Maureen ta ce, "Wannan ba ciwo ba ne, likita. Tarbiyya ce aka yi mata, mummuna. Mahaifiyata za ta zauna a gidanta. Zan riƙa zuwa Talata da Juma'a."

Ya rubuta. Ya ce za su dawo su sake dubawa bayan wata shida.

Wata shida. Ba wawiya ba ce ni, na san faranti ba ya wanke kansa. Wata rana za su zo da mota, da bargo, da rigar nan mai suna a wuya. Na ce wa Maureen kar ta farke ƙyallen. Winnie aka rubuta, ba Jane ba, ya zauna.

Na ja kujerata na juya ta. Ranar da za su zo, ƙofa za su tarar ina kallo.